Ƙasar da na shafa a tafin hannu

Tun ina yaro tafin hannuna ke zufa. A makaranta takardata kullum a jiƙe take, tawada ta baje, malam ya ɗauka ƙazanta ce. Da na girma na kama aikin buga takardu a wani ɗan ofis wajen unguwar Kamsaoghin, tsumma ba ya rabuwa da gefen na'urata. Idan zan gaisa da mutum sai na fara goge hannu a wando.

Shekarar da likita ya ce jinina ya hau, lallai in riƙa motsa jiki, na shiga cikin wasu mutane huɗu masu ɗaga ƙarfe bayan sallar asuba. A filin tsohon Zongo suke haɗuwa, ɓangaren da aka rushe gidajenmu tun ina saurayi, har lokacin ba a yi gini a wurin ba. Mai koya mana tsohon soja ne, ɗan ƙabilar Mosi, mai jin Hausa kamar a cikinmu aka haife shi. Shef muke ce masa. Ƙarfen kuwa dunƙulalle ne kamar tulu, da mariƙi a sama, ketilbel sunansa. Ana kama shi da hannu biyu, a lilo shi ta tsakanin ƙafafu, a cillo shi gaba har tsayin ƙirji.

Sati na farko ya kuɓuce mini sau uku. Na ukun ya tashi ya faɗi kusa da ƙafar wani direba da muke yi tare, har ƙasa ta girgiza.

Shef ya duba hannuna ya ce, "Kana matse shi kamar wuyan ɓarawo. Rataye shi a yatsu kawai, ƙugu ne ke aiki."

Ya kankare fentin mariƙin da sampefa don ya rage santsi. Ya ce in riƙa goge hannu da tawul duk bayan lilo goma. Ya ba ni wani farin alli da 'yan wasa ke shafawa. A hannun kowa allin gari ne, a nawa kuwa kafin minti biyu ya zama kunu.

Wata safiya a cikin bazara, haushi ya kama ni, na ja ƙarfena na koma gefe ni kaɗai, gindin wata bishiyar dogon yaro da ta tsira daga rusau. Akwai ragowar daɓen siminti a wurin, a gefensa ƙasa mai laushi, ba ja ba kamar sauran filin, ta fi kama da toka. Na ɗiba na murza a tafina.

Sanyi gare ta. Wannan ne ya fara ba ni mamaki, domin a watan nan ko da asuba ƙasa da ɗuminta take kwana. Na kama mariƙin, sai na ji ya zauna daram. Na yi lilo talatin ban tsaya ba, hannuna a bushe ƙayau, abin da ban taɓa gani ba a rayuwata.

Kusan sati uku ina haka. Na haƙa ɗan rami da yatsu, kullum a nan nake ɗiba. Amma sai na lura bushewar ba ta tafiya. Har azahar hannuna a bushe yake, da sanyi-sanyi, yana wani ƙamshi da na kasa tuna inda na san shi. Na wanke da sabulu, na yi alwala sau biyar a yini, yana nan.

Ranar wata Alhamis na gama lilo, na ajiye ƙarfen a ƙasa, na tashi in miƙe, hannuna na dama ya ƙi buɗewa daga kan mariƙin. Ba ciwo, ba jijiya ce ta ɗaure ba, na san yadda wannan take. Ji na yi kamar wani ya ɗora tafinsa a bayan hannuna ya rufe yatsuna, a hankali, irin riƙon da babba ke yi wa yaro idan za su tsallaka titi. Na duba, ba kowa. Sauran suna can nesa suna ƙirga lilonsu da Faransanci. Ganyen bishiyar ko motsi ba ya yi. Na ce a'uzubillahi a bayyane, na sake cewa, sannan yatsun suka saki ɗaya bayan ɗaya.

Da yamma na hau babur na tafi unguwar Tampouy, inda mahaifiyata ta koma tun bayan rusau. Ban yi niyyar faɗa mata ba. Amma da na durƙusa na gaishe ta, ta riƙe hannuna ba ta saki ba, ta kai shi hancinta.

Ta ce, "Wa ya rasu?"

Na ce, "Ba kowa, Inna."

"To ina ka samo kafur da magarya?"

Na kwashe labari na ba ta. Ta tambaye ni bishiyar, ta tambaye ni daɓen, ta ce ko akwai wata 'yar kwata a jikinsa ta wajen gabas. Na ce akwai.

Sai ta ce, "Bayan masallacinmu ne. A kan daɓen nan ake wa maza wankan ƙarshe, ruwan ya gangara gindin bishiya. Duk mazan layinmu ta nan suka bi. Babanka ma. Kai ka riƙe butar, ka manta?"

Ban manta da butar ba. Wurin ne ban gane ba, tunda babu bango, babu ƙofa, babu lungun da muke bi.

Ta ce, "Ba mai cutar da kai a cikinsu. Amma ba ƙasar wasa ba ce. Je ka rufe abin da ka buɗe."

Washegari na riga kowa zuwa, gari ya fara wayewa. Na leƙa ramin, sai na tarar da ruwa ya taru a cikinsa, kamar cikin tafi ɗaya, garai-garai. Rabonmu da ruwan sama wata shida. Na tura ƙasa da hannu biyu na rufe, na karanta ƙulhuwallahu ƙafa goma sha ɗaya, na yi wa mahaifina addu'a da duk wanda aka kwantar a kan daɓen.

Ina tashi na ga Shef tsaye a bayana, ya cire hularsa. Na faɗa masa a taƙaice. Bai yi dariya ba. Ya ce shi tun farko ya lura karnukan filin ba sa kwanciya a inuwar nan ko da rana ta take, shi ya sa bai taɓa ajiye kayansa a wurin ba.

Na ce, "Shef, me ya hana ka faɗa mini?"

Ya ce, "Me zan ce maka? Karnuka?"

Ranar muka kwashi ƙarafanmu muka koma can ƙarshen filin, bakin titi, inda hayaniyar babura take. Direban ya yi ta mita wai hayaƙi ya yi yawa, mu kuwa muka ci gaba da lilonmu.