Zanen Fuskar Iya

A ƙauyenmu na ƙasar Minjibir, da an idar da sallar magariba sai mu jikoki mu kewaye murhun Iya, mahaifiyar Innata, kafin wutar kara ta mutu. Ni wurina cinyarta. Tana tatsuniya ina bin zanen fuskarta da yatsa, tsaga uku-uku a kowane kunci, irin ta gidansu. Takan buge min hannu ta ce, "Kai mijin banza, ko sabulu ba ka saya min ba, sai taɓa fuska!"

Wadda ta fi yi mana ita ce ta wata zabuwa da ta ji kunyar ɗigo-ɗigon jikinta, ta roƙi ruwan sama ya wanke mata. Ya wanke ta tas. Ta koma gida fara sol tana taƙama, 'ya'yanta suka watse cikin dawa suna kuka, wai baƙuwa ta shigo. Mu dariya muke yi. Iya kuwa sai ta gyara karan murhu.

Hotonta ɗaya ne tak a duniya, na ranar sunan ƙanwata. Bayan rasuwarta Inna ta adana shi a cikin wata tsohuwar langa. Bara ɗaki ya yi yoyo, danshi ya cinye rabin ɗankwalinta a hoton. Ni ne sarkin wayon da ya ce a birni ana gyara hoto da kwamfuta. Inna ba ta so ba. Na matsa, ta ba ni shi a naɗe cikin ƙyalle. Ko a waya ban ɗauka ba.

Bayan mako biyu mai shagon da na kai wa hoton ya miƙo min wata mata a firam, fuska sumul.

"Alhaji, hoton nan ya sha karce, musamman a kumatu. Duk na goge maka."

Na ce ina tsohon? Wai ya ruɓe, an zubar, na cikin kwamfutar ma a kansa ya yi aikin.

Haka na kai gida, raina a ɓace. Inna ta daɗe tana kallo, ta shafa kuncin matar ta saman gilashi, ta ce, "Masha Allah. Wace ce?"

Shekara da shekaru ina ganin wautar zabuwar nan. Yanzu har uzuri nake yi mata, domin ko ba komai ita ta roƙi ruwan da bakinta. Iya ba ta roƙi kowa ba. Ni na kai ta.