Ɗakin Baba a Kwamfutocin Mutane

A gidanmu kowa da sunan da aka laƙaba masa, amma na yayata ya fi kama jiki: Nan-na-aje. Tun muna yara, in almakashi ya matsa daga ƙusar da take rataye shi, sai ta tsaya tsakiyar ɗaki, hannu a ƙugu, ta ce, "Nan na aje shi." Ba tambaya take yi ba, hukunci take yankewa. Ni ƙanwarta na sha ranƙwashi a kan haka har kaina ya saba.

Ta girma ta zama mai rubuta manhajar kwamfuta, ni na zama tela, muna zaune gida ɗaya. Hali kuwa zanen dutse. Teburinta na bakin taga, kofin shayi a dama, tabarau a hagu, wayar caji a naɗe kamar ba a taɓa amfani da ita ba. Keken ɗinkina na can lungu cikin ƙyallaye, inda idonta ba ya son sauka.

Abin da Yaya take tinƙaho da shi a duniya wani ɗan laburare ne. Haka masu sana'ar ke kiransa, ko da yake babu littafi ko ɗaya a ciki. Rubutu ne da wasu masu manhaja ke ara su ɗora nasu aikin a kai. Nata yana sa sikeli ya gaya wa kwamfuta nauyin abin da aka ɗora masa. Babanmu, Allah ya jiƙansa, mai gyaran sikeli ne, kuma a tsohuwar kwamfutar shagonsa ta rubuta shi tana ɗaliba, shi yana gefe yana ɗora duwatsun awo yana tambaya, "Ta gani? Me ta ce?" Daga baya ta sake shi kyauta. Yau ana awon jarirai da shi, ana awon buhuna, a garuruwan da ko sunansu ba mu iya faɗa ba.

To, kowane laburare yana tafe da wani rubutu mai haɗa shi ya kai kowane fayil mazauninsa, kamar 'yan dako ranar tashi daga gida. Ka'ida ita ce mai girkawa ya nuna gidan, su kuma su san inda gado zai shiga da inda tukwane za su zauna. Amma 'yan dakon Yaya ba sa tambayar kowa. Adireshi ɗaya ta rubuta musu tun a shago, daga farko har ƙarshe: folda, wato ɗakin ajiya a kwamfuta, mai suna baba, cikinta wata mai suna sikeli. Duk wanda ya girka laburaren, ko a ina yake, sai ya wayi gari da wani baba a kwamfutarsa, bai gayyace shi ba.

Mutane sun yi ta ƙorafi. Amsarta ɗaya: "Nan na aje shi."

Sai aka gamu da wanda ya fi ta taurin kai. Wani mutum ne mai kula da babban rumbun da jama'a ke sauke manhajoji daga ciki. Yaya ta sa masa suna Ɗan-ƙa'ida. Ya rubuto mata cikin ladabin da ya fi zagi ciwo, ya ce injinsu yakan fara jera kaya a wurin gwaji kafin ya ɗaure su, amma nata laburaren sai ya tsallake katanga ya je ya gina wa baba ɗaki inda ba a ba shi fili ba. Ko ta bar mai girkawa ya zaɓi wuri kafin su fitar da sabon jerin manhajojin rumbun, ko su cire nata su sa na wani.

Ranar ko shayinta ba ta shanye ba.

"Ji min mutum," ta ce. "Shekara da shekaru abu na zaune lafiya."

"To ki gyara mana, Yaya. Ba ke kika ce gyaran bai kai ɗinkin maɓalli ba?"

"Ke dai ji da ƙyallayenki."

Na ji da su, amma kunnena na wajenta. Yau ta ce gyaran zai ɓata wa tsofaffin masu amfani aiki. Gobe ta ce Ɗan-ƙa'ida bai san darajar manya ba, alhali ba ta san ko ya girme ta ba. Jibi ta share tebur, ta goge tabarau, ta sake naɗe wayar da take a naɗe. Lokaci na tafiya, ni kuma haushi ya fara kama ni, don na san in aka cire laburaren nan, ni zan zauna da ita.

Wata safiya na kashe keke na ce, "Yaya, don Allah, a kan folda za ki bari a zubar da aikinki? Wannan ai a bar jaki ne a daki taiki."

Ba ta ranƙwashe ni ba. Ta kalli allon kwamfutar, sannan ta ce, "Shagon an rushe. Kwamfutar ta mutu. Duwatsun awon ma kawu ya kwashe. Nan kaɗai ya rage Baba yana da ɗaki. In na goge, ya tashi daga ko'ina."

Kunya ta rufe ni, tausayinta ya kama ni. Ni da nake ganin na haddace yayata kamar karatu, ashe wannan shafin ban taɓa buɗe shi ba.

Ita da kanta ta ja kujera. Ashe baba ba wuri ɗaya yake ba. Yana cikin rubutun 'yan dako, yana cikin fayil ɗin da ke gaya wa sauran manhajoji inda za su sami laburaren, har cikin bayanin yadda ake amfani da shi. Duk inda ta same shi sai ta cire ta bar gurbi, gurbin da mai girkawa zai cike da wurin da yake so, sauran ɗakunan kuma a lissafa su daga nan. Da ta zo gwaji, sai ta buɗe folda ta sa mata suna ƙazamar-tela, ta girka a ciki. Komai ya zauna daidai. Na ce na gode da karramawa.

Ta aika. Ɗan-ƙa'ida ya amsa da kalma ɗaya, ya karɓa. Yaya ta tashi ta bar kofinta a hagu.

Bayan sabon laburaren ya fita, wata rana da hantsi ta kira ni da wata irin murya, na taso da allura a baki. Saƙo ne daga wata mai kula da na'urori a wani ɗakin awon jarirai. Ta ce sun sabunta, laburaren ya tambaye su inda za su aje shi, suka yi cirko-cirko. A wurinsu, in sikeli ya ƙi magana, cewa suke a duba wajen Baba, har sababbin ma'aikata sun ɗauka wani dattijo ne a ofis. Ba su san ko wane ne ba, amma sun ga bai kamata a tashe shi ba, don haka da hannunsu suka rubuta baba a gurbin. Tana tambaya ko hakan zai ɓata wani abu.

Yaya ta cire tabarau, ta goge, ta mayar, ta sake cirewa. Sannan ta rubuta, ina tsaye a kanta ina karantawa:

"Ba zai ɓata komai ba. Mai gyaran sikeli ne. Ku bar shi nan, yana son aikin."