Mai Minsharin Bayan Bangona

'Yan uwa, yau na je dubiya, na ɓuge da ta'aziyyar kare.

Tun da na tare a unguwar Al Qusais, nan ƙasar Larabawa, nake jin minshari ta bango. Na ɗauka mijin dattijuwar maƙwabciyata ne ba lafiya, har addu'a nake masa. Yau na ji tsit, na kai farfesu.

Na ce, "Mama, ya mai jiki?"

Ta buɗe wani tawul da ta rufe wani abu da shi. Gawar ɗan kare ce, irin da ake kira pug, fuska duk tamoji, hanci a lotse. Ashe shi ne mai minsharin. Ta ce, "Irinsu zafi na toshe musu numfashi. AC ya lalace ina wurin aiki. Shi kaɗai gare ni."

Ni da ke tattare abaya in na hango kare, sai ga ni a ƙasa muna kuka tare.

Na dawo ɗaki. Wallahi shirun ya yi yawa.