Kwallin Inna Kulu

Duk wanda ya saba tsayawa cin kifi a bakin gadar Wudil ya san Inna Kulu. Shekara ashirin da wani abu tana suya a wuri ɗaya, tun mijinta na da rai yana kamo mata kifin da kansa. Bayan rasuwarsa 'ya'yanta suka yi aure suka watse, ta rage ita kaɗai a gidanta na Sabon Gari, sai wata mage da ta tsinta tana 'yar mitsitsiya a ƙarƙashin teburin suya. Fara ce, da baƙin zane a gefen idanu, shi ya sa ta raɗa mata suna Kwalli.

Shekara shida suka yi tare. Kulu ba ta kai loma baki sai ta cire wa Kwalli kan tarwaɗa. In ta zauna lazimi da hantsi, magen na kwance a gefen tabarma. Da ita take hira, ta ba ta labarin ciwon gwiwa da na surukinta da bai iya gaisuwa ba.

Wata Talata cikin bazara aka bugo mata waya daga Ɗankaza cewa 'yarta Juwairiyya na naƙuda. Ta haɗa kaya a gigice. Ta shiga ɗakin ajiya ta ɗebo yaji da daddawa, ta ja ƙofar ta danna kwaɗo. Sannan ta leƙa gidan maƙwabciyarta Comfort, wata 'yar Kudancin Kaduna da ke aikin jinya a jami'a.

"Maman Gideon, ga gida nan. In Kwalli ta shigo miki, ki ba ta ko ɗan ƙanzo ne."

"Ba komai, Inna. Allah ya sauke ta lafiya."

An sauka lafiya, aka samu namiji. Kulu ta zauna har bayan suna, kwana tara ke nan. Ranar da ta dawo, tun daga zaure ta ji wani wari. Ta buɗe ɗakin ajiya, sai ga Kwalli kwance a bayan ƙofa, ta riga ta bushe. Daɓen bakin ƙofar duk ta tone shi da farata har ya yi rami.

Kulu ta daɗe zaune a ƙasa. Daga baya ta naɗe ta a tsohon zani, ta haƙa rami a gindin darbejiyar bayan gida ta binne.

Kwana huɗu ba ta fita suya ba. Matan bakin gada suka zo dubiya, sun ɗauka zazzaɓi ne. Da suka ji dalili, Murja mai awara ta ƙyalƙyale da dariya.

"Haba Inna, mage ce fa! Gobe ma sai in kawo miki uku."

Kulu ta yi yaƙe, ta yi musu godiya. Ba ta gaya musu abin da ke cin ranta ba. Tun tana yarinya take jin malamai na wa'azi kan matar da ta tsare kyanwa har ta mutu, da irin makomar da ta samu.

Ranar Asabar ta hau mota zuwa Kausani, wurin yayanta Malam Abdulbaƙi, limamin unguwarsu. Bayan sun gaisa, ya tambayi mai jego da jariri, ta kwashe labari ta faɗa masa.

"Yaya Malam, ni ce matar nan da kuke faɗa."

"Kin san tana ciki kika kulle?"

"Ban sani ba. Amma ban duba ba. Kullum na shiga ɗakin nan sai ta bi ni, kuma na san da haka."

Malam ya ja carbi, ya ce, "Kulu, waccan da gangan ta yi. Allah ba ya kama bawa da abin da bai yi niyya ba. Ki nemi gafara kan sakacin, ki yi sadaka. Ciwon da kike ji kuwa, ba ni da maganin da zai cire shi yau."

Ta dawo gida da ɗan sauƙi, ba mai yawa ba.

Tun dawowar Kulu daga Ɗankaza, Comfort ke kauce mata, gaisuwa ma daga nesa. Sai ranar Lahadi da la'asar ta yi sallama ta shigo, ta durƙusa a bakin tabarma.

"Inna, akwai abin da ban gaya miki ba. Na ji kukanta. Kwana biyu ina jiyo shi ta katanga. Na ɗauka muzuru take kira, ga ni kullum cikin saurin zuwa aiki. A rana ta uku na daina ji."

Kulu ta ɗago kai. Kwana da kwanaki tana neman wanda za ta raba wannan kaya da shi, ga shi ya kawo kansa. Ta dubi matar nan da ke durƙushe a gabanta, sai ta kasa ɗora mata laifin.

"Tashi ki zauna, Maman Gideon. Ke ji kika yi ba ki gane ba. Hannuna ne ya danna kwaɗon."

A nan ne kuka ya ƙwace wa Kulu, karon farko tun da abin ya faru. Comfort ta matso ta riƙe ta, ita ma tana nata.

Washegari Kulu ta koma suya. Ta kira Tasi'u kafinta ya yanke ƙasan ƙofar ɗakin ajiya, duk da ya gargaɗe ta cewa ɓeraye za su samu hanya. Murja kuwa ta cika alkawari, ta zo da 'yar mage ɗaya a kwali. Kulu ta shafa ta, ta ce ba yanzu ba, Comfort ta karɓa ta kai gidanta.

An yi shekara biyu ke nan. In wani ya tambaye ta ina magen nan tata, ba ta cewa ta mutu, cewa take, "Na kulle ta." Malam Abdulbaƙi ya sha hana ta faɗin haka. Takan ce masa to, amma ba ta daina ba.