Sai Ya Bi Ta Bakin Gwaggo Hajo

Duk wanda ya taɓa shigowa gidanmu a Tanut da leda a hannu ya san dokar. Kafin ka gama sallama Gwaggo Hajo ta miƙo hannu. Cuku ne, alewa ce, maganin tari ne, ba ruwanta. Za ta gutsira, ta tauna da haƙoran gaba, ta ɗaga kai sama, sannan ta yanke hukunci. "Ba abin da zai shiga cikin 'ya'yana sai ya bi ta bakina." 'Ya'yan nata kuwa mu ne, mu da ƙaninta ya haifa da namu 'ya'yan, don ita ba ta bar na cikinta ba.

Shi ya sa raina ya ɓaci a zaman makokinta, da na jiyo wasu mata a bayan rumfa suna ƙus-ƙus: "Allah ya jiƙan Hajo, amma kwaɗayi kam ta yi shi." Kwaɗayi! Ku da kuka san ta ku faɗa mini, mai kwaɗayi ne ke lasar maganin akuya? Ai a gabana aka yi. Maigidana ya sayo shi a kasuwar Tarka, tana gani ta tsoma yatsa. Ya ce, "Haba Gwaggo, na dabba ne!" Ta ce, "Nonon dabbar wa ke sha?" Wuni ta yi tana safa da marwa da buta. Da yamma ta zauna tana haki, ta ce, "Yana aiki. A ba akuya rabi."

Haka ta yi wa masu ɗigon rigakafin shan inna. Yarinyar da ke ɗigawa ta ce, "Inna, na ƙananan yara ne." Gwaggo ta ce, "Ni ma na yi yarinta, ba wanda ya ba ni. Ɗiga mini." Ta buɗe baki, ta haɗiye. Can ta ce, "Ba gishiri. Ku ba su."

Da yaranmu suka fara shiga jami'a a Damagaram aikinta ya ƙaru, don ba mai dawowa hutu sai da wani gwangwani. Ɗana Lawali ya zo da ƙatuwar roba ta wani gari, da hoton wani ƙato ba riga a jikinta, wai yana gina damtse. Gwaggo ta lasa, ta yamutsa fuska. "Wannan ai garin kunu ne da aka hana shi tsamiya." Washegari muna da gayyar girbin hatsi, sai ta juye robar kaf a tukunya ta dama wa ma'aikata. Lawali ya dawo ya ga roba wayam, kamar ya yi kuka. Ta ce, "Ba ka ce na ƙarfi ba ne? Su ke ɗaukar dami. Kai biro kake ɗauka."

Wannan duk mun yi dariya. Na Hadiza ne ba mu yi ba.

Hadiza ƙanwar Lawali ce, siririya irin dangin ubanta. Ta tafi jami'a haka, ta dawo hutun damina fuska kamar faifai. Matan unguwa, su ɗin nan dai masu ƙus-ƙus, suka yi ta guɗa: "Kai, boko ya karɓe ta! Dubi kumatu!" Gwaggo kuwa ta dubi Hadiza. Ta kira ta, ta danna mata ƙwauri da yatsa, ramin ya zauna bai tashi ba.

"Ƙawata, wannan ba ƙiba ba ce, kumburi ne. Me kike sha?"

Da ƙyar ta fito da su. Wasu 'yan ƙwayoyi ne a ƙullin leda, ba suna, ba kwali. Wata ɗaliba ce ke tallarsu ta waya, tana bi ɗaki-ɗaki.

"Bitamin ne, Kaka. Na buɗe ciki da ƙarin jini. Duk ɗakinmu muna sha."

"Wa ya ce bitamin ne?"

"Haka aka ce."

Yara masu karatun shari'a da lissafi, a ce suna haɗiye abin da ba su san sunansa ba, don kawai wasu samarin banza suna ce musu sanda! Muka kai ta likita. Ya ce ba bitamin ba ne, magani ne mai ƙarfi na masu wata cuta, yana tara ruwa a jiki, yana ta da jini, yana iya taɓa ƙoda. Ya ce ko barinsa sai a hankali, ya tsara mata yadda za ta rage. Ta ce to. Muka dawo gida ta ci gaba da abinta a ɓoye, don ashe jakarta cike take da su. Na yi faɗa, na yi kuka, ubanta ya yi rantsuwa. A banza.

Sai Gwaggo ta shiga jakar ta ɗebi nata kason, ta ƙulle a lalitarta. Da safe ta zauna gaban Hadiza da moɗar ruwa.

"Kin sha taki? To ga tawa."

"Kaka, kina da hawan jini!"

"Ai kin ce na ƙarin jini ne. A ƙara mini."

Muka roƙe ta, muka nemi lalitar, ina! A ƙugunta take kwana. Kullum Hadiza ta sha, ita ma ta sha. Hadiza ta rantse ta daina, Gwaggo ta danna ƙwauri ta ce ƙarya ne. Tsohuwar da kumatunta suka lotse tun ina yarinya sai ga ta ta yi ɓul-ɓul. Matan unguwa suka ce, "Hajo, aure za ki yi?" Ta ce, "A'a, jami'a zan shiga."

Wata safiya ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu. A amalanke muka kai ta asibiti, Hadiza na bin mu ba takalmi tana ihu. Likita ya yi ta mana faɗa, mu da ba mu ci ba mu sha ba. Da azahar Gwaggo ta buɗe ido, ta nemi Hadiza da kallo, ta ce da wata siririyar murya, "Na ɗanɗana. Ba shi da kyau. Kar a ba yara."

A ranar Hadiza ta zazzage jakarta a gaban likita, ta bi abin da ya tsara mata har ta rabu da su. Ta koma makaranta siririyarta, ta faɗa wa 'yan ɗakinsu. Wasu sun ji, wasu ba su ji ba, mai tallar kuma an ce har yanzu tana nan. Gwaggo ta tashi, amma ƙafafunta ba su sake komawa daidai ba. Ba na cewa ƙwaya ce ta kashe ta, kwana ne ya ƙare. Amma kar wanda ya sake ce mini kwaɗayi.

Masu faɗin haka ba su san abin da babana ya gaya mini ba. A wata shekarar yunwa, suna ƙauyen Falanko, anza kawai ake ci, wato 'ya'yan wani icen daji, ita kuwa sai an jiƙa ta an yi ta sauya ruwa kafin ɗacinta ya fita. Gwaggo tana da 'ya ɗaya tilo, yunwa ta riga ta gama da ita, tana ta kuka. Gwaggo ta kasa jira, ta ba ta anzar ba tare da ta ɗanɗana ba. Yarinyar ta kama amai, ba ta tashi ba. Gwaggo ba ta taɓa ambaton wannan ba, ko sau ɗaya.

Allah ya jiƙan Gwaggo Hajo, ya yafe mata, ya haskaka kabarinta. Allah ya sada ta da 'yarta a Aljanna, inda za ta miƙa mata duk abin da ta ga dama ba sai ta fara ɗanɗanawa ba. Amin.