Hannu a Tagar Awo

Ina zaune a bencin asibitin unguwarmu, ina jiran allurar ciwon gwiwa, sai ga wata mata tana jan jiki. Shan inna ya shanye mata ƙafafu biyu. Silifas ta sa a tafin hannu, da su take takawa. Atamfarta sabuwa ce, 'yar masaƙar Kakuri, yatsunta sun sha lalle. Cikinta ya tsufa, yana kusan shafar siminti.

Tagar masu awon ciki ta fi ta tsawo. Ta zare silifas ɗaya, ta ɗaga hannu. Nas ɗin da ke ciki hannun kawai take gani.

"Allah ya ba da haƙuri, ba a bara a nan."

"Sista, awo na zo. Tun jiya ɗan bai motsa ba."

Nas ta leƙo, ta ƙura wa cikin ido. "Ke baiwar Allah, wane marar imani ne ya yi miki wannan?"

"Mijina ne. Direba ne a Unguwar Kanawa."

Ina jin ta saba ba da wannan amsa. Wani dai ya saya mata atamfar nan, kuma yana jiran labari.

An buɗe mata ƙofa. Ina hango gadon awo, na ƙarfe, ya kai ƙugun mai tsayuwa.

"To, hau," in ji nas, ta rungume hannuwanta.

Matar ta jera silifas ɗinta a gefe, ta kama ƙafar gadon.