Kujerar da Yaya Sale Bai Ƙarasa Ba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Malam Sale masassaƙi, mai shagon nan na bayan mahauta a unguwar Briqueterie. Kowace shekara idan watan ya kama nakan yi masa addu'a in ci gaba da harkata. Bana kuwa na kasa zama wuri ɗaya. In shiga shago, in fito, in zaga ta layin teloli, in dawo ban san abin da ya fitar da ni ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta, ko zuciyata ta lafa.

Shi ya koya mini sassaƙa. Akushi, turmi, kujerar mata, ƙofa mai ado, duk a hannunsa na gani. A zamaninsa da fasasshiyar kwalba da sanfefa ake goge aiki, sai mutum ya yi kwana uku yana bin lungunan ado ɗaya. Idan na ce na gama, ko kallo ba ya yi. Sai ya kau da kai, ya bi icen da babban yatsa, ya miƙo mini abina ya ce, “Da saura, Isa.” Haushi ya sha cika ni, kuma ban iya ɓoyewa ba.

Bayan ya rasu ne buroshi mai juyawa ya iso mana, wanda ake ɗaurawa a bakin injin huda katako. Yankakkiyar sanfefa ce da gashi a bayanta, tana shiga inda yatsa ba ya kaiwa. Na sayi uku a unguwar Messa: lamba tamanin mai kaushi, lamba ɗari da ashirin, da lamba ɗari biyu da arba'in mai laushi. Na ɓata itace ba kaɗan ba kafin in gane halinsu. Mai kaushin cinye kaifin ado yake yi. Ba a dannawa, ba a sakar wa inji gudu, kuma yadda jijiyar ice ta kwanta ake bi. Aikin kwana uku ya koma na hantsi ɗaya. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya gani. Na san da farko zai ce aikin ragwaye ne, bayan sati kuma in tarar ya ɗauke mini mai laushin.

To, akwai kujera 'yar tsugune ta icen iroko da ya fara sassaƙa wa matarsa, Hajiya Mairo, ciwo ya kwantar da shi bai goge ta ba. A haka take zama a kanta duk shekarun nan. Watan jiya ta aiko mini da ita, za ta koma Garwa wajen ɗanta, ta ce gefen yana jan mata zaren tufafi, in lallaɓa shi. Na yi murna, don ina so a ga abin da buroshina ya iya. Ina cikin aiki na ga wani tabo a ƙarƙashin gefen, inda wuƙar sassaƙa ta zame ta yanki adon. Ban so a ga kuskure a aikin Yaya ba. Na ɗauko lamba tamanin, wanda nake hana mutane kai wa ado, na shafe tabon tas, na bi da mai laushi, na shafa mai.

Da ta zo karɓa har da tsokana: “Ƙanin miji ya zama ɗan zamani, aiki sai da lantarki.” Tana dariya yatsanta ya zarce ƙarƙashin gefen. Ya je, ya dawo, ya sake zuwa.

“Isa, ina tabon nan?”

“Na gyara shi, Hajiya.”

Ta janye yatsanta, ta ce, “Ranar da hannunsa ya fara rawa ya yi shi. Ina zaune gabansa. Ya ce kar in gaya maka, za ka hana shi aiki. Kullum na zauna sai na taɓa wurin.” Ta ɗauki kujerarta ta ce, “Ba komai, Allah ya yi albarka.”

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na yi tunanin in bi ta in sake yanka tabon, amma na hannuna zai zama, kuma yatsanta zai gane. Ranar Talata ta tafi.

Ban ɗora wa buroshi laifi ba, abin da na sa shi ya yi. Yau da safe ma da shi na goge akushi biyu. Sai dai yanzu na fahimci cewa kayan aikin Yaya da shagonsa na gada, yatsan nan kuwa da ya yi shekaru yana nuna mini ban ɗauka ba. Duk tsohon aikin da aka kawo, sai na kau da kai na bi shi da yatsa, na tambayi mai shi labarin kowane tabo, kafin in kunna inji. Allah ya jiƙan ka, Yaya. Ka yi gaskiya, da saura.